Maganin Baba ya daina aiki ne, ko na jabu anka ba mu?

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki sakaya sunana. Ni ɗiya ce daga Jega, ni ke jinyar Babanmu don ni ce kusa, sauran duk suna wurin aiki ko gidan aure. Shekara shidda ke nan da hannunshi na dama ya fara rawa, tela ne, har ta kai ba ya iya saka zare ga allura, tafiya ta koma jan ƙafa. Munka yi na gida har munka gaji sannan munka kai shi Sakkwato, likita ya ce ciwon Fakinson ne, anka rubuta mai Sinemet sau uku a rana. Wallahi Anti sati biyu ya koma bisa keke kamar ba shi ba, shekara kusan huɗu muna cikin jin daɗi.

Yanzu abin ya canza. In ya sha na safe awa biyu zuwa uku ne ya sake shi, kafin azahar ya sandare kamar icce, ko tashi daga tabarma sai an kama shi. Wani lokaci kuma in maganin ya kama shi sai jiki ya riƙa murɗawa, kai na lilo kafaɗa na motsi, ba irin rawar da ba. Kwanaki ya yi amai munka sai mai maganin amai a kemis, sai ya ƙara sandarewa. Baffanmu ya ce maganin Bature ne ke cinye shi a daina a koma ga na gida, wai murɗawar ma iska ce. Yayana ya ce a riƙa ba shi biyu-biyu. Ni kuma ina zargin ko jabu muke saye don kullum kwali daban, kuma zuciyata na ce min da ba mu yi saurin fara mai ba da maganin bai ƙare ba. Ga azumi na zuwa ya ce sai ya yi. Mi za ni yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Na karanta saƙonki har sau uku don ya tuna min da wani kawuna da muka yi jinyar irin wanga ciwo a gidanmu, har maganar iska sai da aka yi mana.

Abu na farko, tun kafin ki gama karanta sauran, kar a tsayar da maganin nan lokaci guda ko da Baffa zai yi fushi. Mutumin da jikinsa ya saba da shi shekara da shekaru in aka yanke masa rana ɗaya yana iya sandarewa gaba ɗaya, ko ruwa ya kasa haɗiya, zazzaɓi mai zafi ya rufe shi hankali ya gushe, kuma wannan hali yana kisa, ba tsoratarwa nake ba. Shawarar yayanki ma a ajiye ta tukuna, biyu-biyu zai ƙara murɗawar nan ne ya kawo jiri, ƙila har da gane-gane. A ci gaba da yadda likita ya rubuta har ku koma wurinsa, kuma ku koma da wuri kar ku jira ranar da aka rubuta muku a kati in tana da nisa.

To yanzu bari in gaya miki me ke faruwa a jikin Baba, don in kika gane shi duk sauran tambayoyinki za su warware da kansu. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi da ƙwayoyinsa ke samar da wani sinadari ana ce masa dofamin, shi ke sa in mutum ya yi niyyar ɗaga hannu ko jefa ƙafa abin ya tafi sumul ba tare da ya tsaya tunani ba. A ciwon Fakinson waɗannan ƙwayoyin ne ke mutuwa kaɗan-kaɗan, kuma lokacin da kuka fara ganin hannun Baba na rawa an riga an yi asarar wajen rabinsu ko fiye. Ba a iya ba mutum dofamin ɗin kai tsaye don akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ba ya barinsa ya wuce, shi ya sa ake ba da wani abu da yake iya ƙetarawa, in ya shiga ciki ƙwaƙwalwa ta juya shi ya zama dofamin. Shi ne lebodofa, a jikin kwali za ki ga an rubuta levodopa, kusa da shi kuma carbidopa, wannan na biyun ɗan rakiya ne, aikinsa ya hana jiki juya maganin tun yana hanya, don in ya juye a ciki da jini amai kawai zai sa ba tare da ya kai inda ake so ba. Haɗin biyun ne Sinemet. Madopar ma lebodofa ne, ɗan rakiyar ne kawai daban.

Tun 1817 wani likitan Landan James Parkinson ya yi bayanin ciwon, amma sai da aka yi shekara 150 babu wani magani mai ƙarfi a hannu. A 1957 wani masani ɗan Suwidin Arvid Carlsson ya nuna lebodofa na tada zomayen da aka ba maganin da ya sandarar da su, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2000, sannan a 1967 George Cotzias a Amurka ya nuna yadda za a riƙa ba mutane ta baki ana ƙarawa a hankali. Daga lokacin zuwa yau sama da shekara hamsin, har gobe babu maganin da ya kai shi ƙarfi a wanga ciwo. Na faɗi wannan ne don ki san ba ƙaramin magani aka ɗora Baba a kai ba, shi ake ba mai kuɗi da talaka a ko'ina.

Amma fa aro yake ba ƙwaƙwalwa. Ba ya tada ƙwayoyin da suka mutu, ba ya kuma hana na raye ci gaba da mutuwa. Ke 'yar Jega ce kin san noman rani, kin san bambancin ƙasar fadama mai laka da jigawa. Fadama in aka tada inji aka ba ta ruwa da safe za ta riƙe danshi har gobe, shinkafa ba ta ma san an kashe inji ba. Jigawa kuwa ana zubawa ya nutse cikin yashi, an jima kaɗan ki dawo ki tarar ƙasa ta bushe ƙayau. Ruwan ɗaya ne, injin ɗaya ne, ƙasar ce ta bambanta. To lebodofa tun ranar farko da Baba ya fara sha ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa ɗaya da rabi rabinsa ya fita. Abin da ya sa a shekarun farko ba ku lura ba shi ne yana da sauran ƙwayoyi masu yawa da ke karɓar dofamin ɗin su adana su riƙa saki a hankali har lokacin shan na gaba ya yi. Yanzu masu adanawar sun ragu sosai, sai ya zama yanayin jikinsa na bin maganin da ke cikin jini sau da ƙafa, in ya hau ya yi yawa jiki ya riƙa murɗawa, in ya sauka ya sandare. Shi ke nan abin da kike gani kafin azahar.

Ki lura da kyau don nan ne gidaje da yawa ke ruɗewa, rawar hannu daban murɗawa daban. Rawar nan ta asali, mai kamar yana jan carbi, tana fitowa ne lokacin da magani ya yi ƙasa. Murɗawar kai da kafaɗa da lilo kuwa yawanci lokacin da magani ya kai ƙololuwa take zuwa, kamar awa ɗaya bayan sha. In aka ɗauki murɗawa a matsayin ciwo ne ya tashi aka ƙara ƙwaya, an ƙara wa wuta makamashi ke nan. Kuma ba Baba kaɗai ba ne, cikin masu shan lebodofa kusan mutum 4 cikin 10 suna fara ganin irin wannan bayan shekara huɗu zuwa shidda. Wani abu da na lura da shi a gidanmu, murɗawar ta fi damun mu masu kallo fiye da mai ciwon, kawuna kan ce gara masa wannan da ya zauna kamar dutse ƙuda ya sauka a fuskarsa ya kasa korewa. Ki tambayi Baba da kansa wanne ya fi damunsa, amsarsa na da muhimmanci wurin likita fiye da ra'ayin kowa a gidan.

Maganar da zuciyarki ke miki cewa kun yi saurin farawa, ki ajiye ta. Da can likitoci da kansu sun yi wannan tunanin har suna jan ƙafa wurin rubuta shi, amma an yi bincike nan kusa da mu a Ghana wanda ya fito a 2014, likitocin Ghana da na Italiya suka kwatanta majinyatan Ghana da ba su samu lebodofa ba sai bayan shekaru da ciwo, da na Italiya da aka ɗora su tun da wuri. Sai aka ga wannan hawa da sauka da murɗawa suna bin tsawon shekarun ciwon ne da yawan abin da ake sha a rana, ba tsawon lokacin da aka yi ana shan maganin ba. Wato da kun jinkirta da yau ma nan ɗin za ku iso, sai dai Baba ya yi asarar shekara huɗun nan da ya yi bisa kekensa yana ɗinki yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ba ku yi kuskure ba wallahi.

Jabu kuma, ba zan ce babu shi a kasuwa ba, amma abin da kika faɗa bai yi kama da shi ba, garin alli ba zai saki mutum awa uku ba balle ya sa shi murɗawa. Kwali daban-daban ɗin ne ya fi tsaya min a rai, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ki ɗauko kwalayen ki duba lambobin, akwai mai 25/100 akwai mai 25/250, lamba ta biyu ita ce lebodofa, kin ga ƙwaya ɗaya ta na biyun ta ninka ta farkon sau biyu da rabi. Akwai kuma mai CR a jiki, shi a hankali yake narkewa, ba a tauna shi ba a daka shi, kuma ba ya kamawa da sauri kamar na kullum. In wannan watan an kawo wancan wata mai zuwa an kawo wannan kuma ana ba shi ƙwaya ɗaya-ɗaya yadda aka saba, dole jiki ya rikice. Ku tsaya wuri ɗaya mai lasisi inda akwai mai ilimin haɗa magani, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ɗauki hoton kwalin da likita ya amince da shi a waya duk wanda za a aika a tura masa. Kar kuma a ajiye shi a taga ko aljihun mashin cikin zafin nan namu.

Sai abinci, kuma ina zargin nan za ki samu sauƙi mai yawa ba tare da kashe ko sisi ba. Lebodofa ba a tumbi yake shiga jini ba sai ya gangara ƙaramin hanji, kuma ƙofar da yake bi ita ce dai abinci mai gina jiki ke bi, nama, kifi, ƙwai, wake, nono, madara. In suka haɗu sai a yi turereniya maganin ya sha kashi. Da me Baba ke shan na safe? In da koko da ƙosai ne ko shayi mai madara da ƙwai, na rana kuma a kora da fura da nono, to ga wani ɓangare na matsalar nan. A gwada ba shi da ruwa cikakken kofi kamar minti talatin kafin cin abinci, ko awa ɗaya bayan ya ci, in yana tada masa zuciya a haɗa da ɗan biskit ko ayaba. Ba na ce a hana shi nama da nono ba fa, tsoho mai wanga ciwo rama take kama shi da sauri, a dai raba lokacinsu, mai nauyin a tura shi dare in likita ya yarda. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma yana riƙe lebodofa, in yana sha a sa aƙalla awa biyu tsakani. Sannan bayan gida, ki daure ki bincika ko ta wurin Inna, don taurin ciki abokin tafiyar wanga ciwo ne kuma in ciki ya cushe magani kan makara kafin ya kama ko ya ƙi kamawa sam. Ruwa da yawa, zogale, rama, kuɓewa, gwanda, da ɗan tattaki.

Maganin aman nan na kemis, ki nemo kwalinsa. In kika ga metoclopramide ko prochlorperazine, wato irin su Maxolon da Stemetil, to su ne suka ƙara sandarar da shi, don aikinsu toshe inda dofamin ke sauka a ƙwaƙwalwa, kina zubawa ta nan suna rufe ƙofa ta can. Haka haloperidol da chlorpromazine da akan ba wanda hankalinsa ya tashi. Ki rubuta sunayen nan huɗu a takarda ki liƙa a bayan katin asibitinsa, duk inda aka kai shi ko da zazzaɓi ne a fara nuna ta. Akwai maganin amai da ya fi dacewa da masu ciwon amma likita ne zai rubuta bayan ya duba zuciya.

Kafin ku koma asibiti ga aikin da nake so ki yi, ki samu littafin makaranta ki yi sati ɗaya zuwa biyu kina rubutawa, ƙarfe nawa ya sha, me ya ci kuma yaushe, ƙarfe nawa jiki ya saki, yaushe murɗawa ta fara, yaushe ya sandare, da yadda dare yake kasancewa, yana iya juyawa a shimfiɗa ko sai an juya shi. Ki ɗauki ɗan bidiyo da izininsa, ɗaya yana sandare ɗaya yana murɗawa. Likita minti kaɗan zai gan shi kuma sau da yawa a lokacin da jiki ke daidai, wannan littafin ne zai nuna masa sauran awannin. Ku nemi ganin likitan jijiyoyi, ba na masu taɓin hankali ba, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai su, in kuma an duba shi an daidaita sai ku roƙi a rubuta muku takarda ku riƙa bibiya a Birnin Kebbi don rage wahalar hanya.

Abin da likita zai iya yi yana da ɗan yawa, ba a kai bango ba tukuna. Mafi sauƙi shi ne ya rarraba maganin, maimakon mai yawa sau uku ya koma kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar ko fiye, kamar yadda ake ba jigawa ruwa, kuma daga nan agogo ya zama dole, a sa ƙararrawar waya, jinkirin rabin awa ma jiki na ji. Yana iya ƙara wani da ke sa lebodofa ya daɗe kafin jiki ya rushe shi, irin su entacapone, wanda ke sa fitsari ya yi ja-ja kar ki tsorata, ko selegiline da rasagiline. Murɗawar kuma akwai amantadine da ke rage ta. Akwai wasu da ba dofamin ba ne kwaikwayonsa suke, pramipexole da ropinirole, suna daɗewa a jiki fiye da lebodofa amma ba su kai shi ƙarfi ba kuma tsofaffi ba su cika jure su ba, suna kawo kumburin ƙafa da barci na farat ɗaya ko mutum na tsakiyar magana, wanda ke sha bai kamata ya hau mashin ko ya ja mota ba sai an ga yadda suka karɓe shi. Sannan akwai abin da ake jin nauyin faɗa amma dole in faɗa, wasu in suna shan su hali na canzawa, dattijo mai kamun kai ya koma ɓarnar kuɗi ko caca ko yawan ci ko sha'awa fiye da kima, iyali su yi ta jin kunya suna ɓoyewa alhali magani ne, ana gaya wa likita ya rage abin ya lafa. Artane kuwa da ya cika gari ga arha, yana ɗan rage rawar hannu amma ga mai shekarun Baba yana kawo ruɗewa da mantuwa da riƙewar fitsari da ƙarin taurin ciki, kar wani ya ba ku shi da sunan taimako. Duk waɗannan ba na lissafo su don a je kemis a sayo ba ne, don ki gane me ake nufi ne in likita ya ambata. Akwai kuma aikin da ake dasa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa, yana rage hawa da saukar ga waɗanda suka dace, amma tsadarsa ta wuce misali kuma shi ma ba warkarwa yake ba.

Zan gaya miki gaskiya a kan abin da maganin ba ya yi, don kar ku yi ta ƙara ƙwaya kuna neman abin da babu a cikinta. Ciwon ba dofamin kaɗai yake taɓawa ba. Faɗuwa da rashin daidaituwar tsayuwa, muryar da ke yin ƙasa, ƙwarewa wurin cin abinci, dalalar miyau, jiri in ya miƙe, mantuwa, baƙin ciki, yawancinsu lebodofa kaɗan yake taɓa su, jirin ma ƙara shi yake don yana saukar da bugun jini. Nan aikin hannunku ne da na masu gashin ƙashi. Ya riƙa tattaki kullum a lokacin da jiki ya saki, da manyan taku yana wurga hannu, in zai tashi ya fara zama bakin gado ya ɗan jima. A kwashe tabarmi masu naɗewa da igiyoyi daga hanyarsa, a sa fitila hanyar ban ɗaki, a nema masa kujerar zama a ciki don tsuguno na wahalar da su. In ƙafa ta liƙe a bakin ƙofa kar a ja shi, a ja layi a ƙasa ko ki sa ƙafarki a gabansa ki ce ya tsallaka, ko ku ƙirga ɗaya biyu tare, za ki sha mamaki. Abinci a zaune sosai, loma ƙanana, ba hira. In kuma ya fara cewa yana ganin mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki kar a ce aljanu sun tabbata, ciwon da magungunan duka suna kawo haka, in abin ya zo kwatsam da ruɗewa a duba zazzaɓi da ciwon fitsari ranar nan.

Baffa kuma kar ki yi jayayya da shi, ƙaninsa ko wansa ne yake gani yana murɗawa, tsoro ne ke magana. Ki sa yayanki ya roƙe shi ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita, ya yi tambayoyinsa, dattijo in aka ba shi girmansa ya fi saurin saukowa. Addu'a da tofi a yi ta yi, babu abin da suka haɗa da ƙwaya balle su yi karo. Abin da za a kiyaye shi ne gari da jiƙo da ba a san me ke ciki ba. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, 'ya'yan ƙarara, wannan mai ƙaiƙayin ta daji, suna ɗauke da lebodofa na halitta, har masana sun yi gwaji a kai saboda ƙasashen da magani ke tsada. Amma yawansa a ciki ba tsayayye ba ne, babu ɗan rakiyar nan mai hana amai, kuma in aka haɗa da Sinemet ba da sanin likita ba ninki aka yi ba a sani ba. Ki tuna wa Baffa Muhammad Ali, an gano masa wanga ciwo a 1984, duniya ta gan shi a 1996 yana kunna wutar gasar Olamfik hannu na rawa, ya rayu da shi har 2016, da kuɗinsa da likitocinsa bai rabu da shi ba. Duk wanda ya ce muku zai cire shi cikin sati a kan wasu kuɗi, ku riƙe kuɗinku ku sayi maganin wata uku.

Azumi shi ne mai wuya don na san zuciyar tsofaffinmu. Mutumin da awa uku ke kayar da shi ba zai iya awa goma sha uku ko fiye babu magani babu ruwa ba, kuma haɗa na yini duka a sha da sahur ba ya aiki, zai murɗa da asuba ya sandare tun hantsi, ga haɗarin faɗuwa da ƙwarewa lokacin buɗa baki. Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara aya ta 184 da 185. Kar ke ki faɗa masa, ki je wurin malamin da yake jin maganarsa ki yi masa bayanin yadda maganin yake, shi ya zo ya zauna da shi ya yi masa bayanin rangwamen da ciyarwa. Likita ma a tambaye shi a gaban Baba. Salla kuma in tsayuwa ta gagara ya yi a zaune, kuma ki gaya wa likita lokutan da ya fi so jikinsa ya kasance a sake, Juma'a ce ko magariba a masallaci, ana iya tsara lokutan shan magani su dace da su.

Ke ma ki kira taron 'yan ɗakinku. Kuɗin magani a raba a riƙa haɗawa farkon wata, a riƙa sayen sabo tun da sauran na sati biyu a gida don yakan yanke a kasuwa, kuma yankewar nan daidai take da tsayarwar da na ce kar a yi. Kwana ma a raba, ko sau biyu a sati wani ya karɓe ki ki yi barci, in kika kwanta ciwo babu mai riƙe littafin nan. Ki fara rubutun gobe da na asuba, in kun dawo daga Sakkwato ki rubuto min abin da likita ya canza da yadda jikin ya karɓa. A gaida Baba da jiki, a gaida Inna.